Zango Ɗaya a Kwalejin Barewa ta Zariya

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Zariya a tsakiyar watan Satumba, tafiyar kimanin kilomita 80, lalle zai lura da wasu irin kaya a bisa motocin haya waɗanda ba a cika ganinsu ba sai a wannan lokaci. Akwatunan ƙarfe ne da bokitai, da katifu a nannaɗe an ɗaure su da igiya. A cikin motar kuma ga masu kayan, wasu suna ta surutu, wasu sun yi tsuru-tsuru suna kallon gonakin masara da dawa ta taga. Dogon hutu ya ƙare, sabuwar shekarar karatu ta kama. Masu surutun nan tsofaffin hannu ne, sun san inda za su. Masu shirun kuwa, yawancinsu ranar ce farkon rabuwarsu da gida.

Zariya gari ne da makarantu suka yi wa zobe. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka buɗe a 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga makarantar soja ta yara, ga Alhudahuda a cikin birni. Tun kafin a yi mafarkin waɗannan duka, zaurukan malamai na Unguwar Juma da Kona sun daɗe suna karɓar almajirai daga ƙasashe masu nisa. Saboda haka baƙon yaro mai neman ilmi ba abin kallo ba ne ga Bazazzagi. Amma akwai makaranta guda wadda in yaro ya ce can za shi, ko ɗan kamasho a tasha sai ya sake dubansa. Ita ce Kwalejin Barewa, wadda ke kan Titin Gaskiya, maƙwabciyar tsohon Kamfanin Gaskiya na Tukur-Tukur, a sashen garin da ake hango Dutsen Kufena ta wajen Wusasa.

Ƙaura biyu, suna huɗu

Kafin a bi yaron nan zuwa cikin harabar makaranta, ya kamata mai karatu ya san irin gidan da zai shiga. Asalin kwalejin a Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma nufin Turawa a lokacin shi ne a horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, aka riƙa ce da ita Kwalejin Kaduna. A 1949, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, ta sake ƙaura zuwa Zariya, inda aka daɗe ana kiranta Kwalejin Gwamnati, kafin a 1971 a raɗa mata sunan Barewa, dabbar da ke jikin tambarinta. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. A 2021 ta cika shekara 100.

Mutum biyar daga cikin waɗanda suka shugabanci Nijeriya sun zauna a ajinta: Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammad, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ɗanta ne, haka Malam Aminu Kano da Alhaji Abubakar Imam, haka Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Wannan jerin sunaye shi ne abin da kowa ya sani game da Barewa, shi ne kuma ake karanta wa sabon ɗalibi tun bai gama kwance katifarsa ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya yi makon farko yana kewar gida, ya yi sharar safe, ya zauna jarrabawa gabansa na faɗuwa. Wanda yake son ya gane makarantar, to, ya bi ta daga ranar dawowa hutu zuwa ranar ba da sakamako, watau mako 13 ko kusa da haka.

Makon farko

Abu biyu sabon ɗalibi kan samu da zarar ya shiga, lamba da gida. Lambar nan tana bin jerin shiga makarantar tun daga Katsina, kuma tsofaffin ɗalibai ba su mantawa da tasu har tsufa. Sardauna shi ne mai lamba 87, ya shiga a 1926. Tafawa Ɓalewa, wanda ya biyo bayansa a 1928, shi ne mai lamba 145. In aka duba tsakanin lambobin nan biyu, za a ga cikin shekara 2 yaran da aka ɗauka daga duk faɗin Arewa ba su cika 60 ba. Yanzu lambobin sun shiga dubbai, amma zaren bai tsinke ba, yaron da ya zo bana daga wani ƙauye na Birnin Gwari ko Kauru yana kan layi ɗaya da waɗancan.

Gidajen kwana kuwa sunayensu kaɗai sun isa darasin tarihi. Akwai gidan Bello Kagara, malamin da ya koyar a Katsina, mawallafin Ganɗoki. Akwai gidan Nagwamatse, da na Ɗan Hausa, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Akwai na Lugga da na Clifford, da na Malam Smith da Bieneman da Mort, Turawan ma'aikatar ilmi. Daga baya aka ƙara na Ja'afaru da na Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja wanda daga sunansa aka samo sunan Suleja. Daga ranar da aka kai yaro ɗaya daga cikin gidajen nan, ba a ƙara tambayarsa ɗan wane ne. Ana tambayarsa ɗan wane gida ne, kuma in ya yi abin kirki gidan aka yaba, in ya yi abin kunya gidan aka zarga.

Makon farko ba shi da daɗi, kuma babu amfanin a ɓoye. Damina ba ta gama tafiya ba, ciyawa ta rufe filaye a lokacin hutu, saboda haka lauje da adda su ne alƙalaman farko da yaro zai riƙa. Hannun da bai saba ba sai ya yi kanta. Da dare sauro na kuka, wani yaro a gadon kusa shi ma yana yi a hankali don kada a ji. A makon nan ne ake gane wanda uwarsa ta koya masa wanki da wanda aka shagwaɓa. A makon nan ne kuma ɗan birni mai takalmi sau ciki yake gane cewa ɗan ƙauyen da ya raina ya fi shi iya kaifafa lauje, sai abota ta ƙullu a kan dutsen washi.

Mulkin ƙararrawa

Tsarin yini a makarantun kwana na gwamnati kusan iri ɗaya ne ko'ina a Arewa, kuma ƙararrawa ke riƙe da shi. Ita ke tashin yara da asuba, a yi salla, a yi shara, a yi wanka, a jeru a taron safe inda ake duba farce da tufafi, shugaban makaranta ya yi sanarwa. Daga nan sai aji har azahar. Bayan abincin rana a ɗan huta, da la'asar a fita wasanni, bayan isha a koma aji don karatun dare, sa'an nan a kashe fitila. Ranar Juma'a Musulmi su tafi masallaci, ranar Lahadi Kirista su yi sujada, Asabar kuwa ta wanki ce da duba tsabtar gidaje.

Malamai ba su iya bin ɗaruruwan yara dare da rana, don haka rabin mulkin makaranta a hannun manyan ɗalibai yake. Akwai shugaban ɗalibai, kowane gida da kyaftin ɗinsa, ga mai kula da abinci, da mai kula da lokaci, da mai kula da marasa lafiya. Yaro ɗan shekara 17 a ba shi yara 50 ko fiye a ce ya tashe su, ya raba musu aiki, ya sasanta su in sun yi faɗa. A nan ne ake fara ganin halin mutum in ya sami iko. Wani sai ya zama garkuwar ƙanana, a riƙa tunawa da shi da alheri bayan shekara 40. Wani kuwa sai ya mai da bulala da ƙwacen guzuri sana'a, wanda tsohon ciwo ne na makarantun kwana duka. Malamin gida mai sa ido shi ne maganin wannan, kuma iyaye suna da hakkin su tambayi 'ya'yansu yadda ake zaune da su.

Maganar abinci kuwa, duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa ya san tuwon nan da ɗalibai suka laƙaba wa suna gabza, ya san kokon safe da wake mai ƙwari. Ya kuma san darajar garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli a cikin akwati, musamman in zango ya yi nisa. Yara huɗu su kewaye kwano ɗaya na jiƙaƙƙen gari, ɗaya Bahaushe, ɗaya Bajju, ɗaya Bafillace, ɗaya Bagwari, babu mai tuna wannan a lokacin, kowa cokalinsa yake lura da shi.

Tsakiyar zango

Ranar 1 ga Oktoba, ranar tunawa da samun 'yancin kai a 1960, ita ce alamar farko da ke nuna zango ya kankama. Ga ɗan Barewa ranar tana da wani nauyi na daban, domin mutumin da ya karɓi takardun mulkin kai a Legas a wannan rana tsohon ɗalibin makarantarsa ne. Bayan ta wuce sai ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, gari ya cika da sabuwar masara da gyaɗa da rake. A cikin aji kuwa gwaje-gwaje sun fara. Tsarin da ake bi tun bayan shigowar manufar 6-3-3-4 a 1982 shi ne a tara makin gwaji da na aikin gida a haɗa da na babbar jarrabawa, don haka yaron da ya yi wasa da watan Oktoba ya riga ya ci bashin da zai biya a Disamba.

Nasarorin wannan lokaci ƙanana ne, ba a buga su a jarida. Yaron da ya zo daga firamaren ƙauye bai iya haɗa jimlar Turanci ba, ran nan sai ya ɗaga hannu ya ba da amsa, aji ya yi tsit. Wani ya fara leƙa madubin ƙara girman abu a ɗakin gwaje-gwaje, ya ga ƙwayoyin fatar albasa a jere kamar tubalin gini. Wani ya tsaya gaban jama'a a ƙungiyar muhawara, ƙafafunsa na rawa, ya kai ƙarshen maganarsa bai gudu ba. Taken makarantar karin maganar Larabci ne, man jadda wajada, watau wanda ya dage ya samu, kuma a irin waɗannan ranaku ne yaro yake fara gaskata shi.

Filin wasa shi ma aji ne. Tun a Katsina Turawa suka ɗauki wasanni da muhimmanci, har suka kawo ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, mai suna faibs, wanda Sardauna ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yanzu ana yinsa a garuruwan Arewa. Janar Gowon, a farkon shekarun 1950, shi ne mai tsaron gidan ƙwallon ƙafa na makarantar, ya kuma yi suna a tseren dogon zango da dambe. Gasar tsakanin gidaje ita ce ke fito da yaron da ba a jin ɗuriyarsa a aji. Ranar da ya ciyo wa gidansu kofi, manyan da ke aikensa ɗebo ruwa su ne za su ɗauke shi a kafaɗa.

Sai ranar ziyara. Tun da hantsi yara suke zuba ido a bakin ƙofa. Iyaye su iso da kwanukan shinkafa da soyayyen nama, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itatuwa, uwa ta dubi ɗanta ta ce, “Kai, ka rame,” uba ya ce, “Bar shi, haka karatu yake.” Akwai kuma yaran da babu mai zuwa wurinsu, ko don nisa ko don rashin kuɗin mota. Al'adar da ta fi kowace kyau a makarantar kwana ita ce ba a barin irin wannan yaro ya zauna shi kaɗai, abokinsa zai jawo hannunsa zuwa tabarmarsu, uwar abokin ta ce, “Zauna ɗana, sa hannu.”

Abin da ke damun iyaye

A kan tabarmin nan ne ake jin zancen da ke cin zukatan iyaye a wannan zamani. Na farko tsaro. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A watan Yuli na 2021 aka sace ɗalibai sama da 100 daga wata makarantar sakandare ta Baptis a Ƙaramar Hukumar Chikun ta Jihar Kaduna, a watan Maris na 2024 kuma aka yi na Kuriga. Tun daga nan uban da zai bar ɗansa ya kwana a makaranta sai ya yi ta maza, ko da makarantar a cikin gari take.

Na biyu shi ne yadda masu hali suka janye 'ya'yansu daga makarantun gwamnati suka kai su na kuɗi. A da ba haka abin yake ba. Sardauna jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, Gowon kuwa ɗan mai wa'azin Kirista ne da ya tashi a Wusasa, amma makaranta ɗaya ta yaye su, tuwo iri ɗaya suka ci. Zama tare bai sa ra'ayin 'ya'yanta ya zo ɗaya ba. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari sun kara a zaɓen shugaban ƙasa na 1979, Murtala kuma shi ya gaji Gowon bayan juyin mulkin 1975. Abin da zaman ya yi shi ne ya sa ɗan sarki ya san ɗan talaka a kusa, ya san shi ma yana da kai. In aka wayi gari 'ya'yan manya suna wani wuri, 'ya'yan talakawa suna wani, to, masu yanke shawara a kan rufin aji da albashin malami ba su da ɗa a ƙarƙashin rufin. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa tana da ƙarfi, tana kuma taimakon makarantarta, amma makarantu nawa ne a ƙasar nan suke da tsofaffin ɗalibai irin nata?

Hunturu da jarrabawa

Wajen ƙarshen Nuwamba iska ta juya. Hazo ya sauko har Kufena ya ɓace wa mai hange, leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi kaushi. Sanyin Zariya ba na wasa ba ne, kuma ruwan bokitin da ya kwana a waje shi ne jarrabawar farko ta kowace safiya. Daidai lokacin ne ake liƙa jadawalin jarrabawar ƙarshen zango. Sai hayaniyar gidaje ta ragu, a ga yara a gindin itatuwa da bayan azuzuwa kowa da littafi, wasu sun lulluɓa da bargo suna bita da tocila bayan an kashe fitila. Mai ƙoƙarin lissafi ya zama sarki, ana binsa da gari da sukari don ya yi bayani.

Ga 'yan ajin ƙarshe wannan jarrabawa share fage ce. Gabansu akwai ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta NECO da aka fara a 2000, da ta JAMB mai tantance masu shiga jami'a tun 1978. Dokar shiga jami'a ita ce kiredit 5, a ciki har da Turanci. Yaro ya ci takwas ya faɗi Turanci, sai ya zauna gida shekara guda, alhali Samaru tana nan kusa, motar haya ɗaya ce tsakaninsa da ita. Wannan tsoro shi ke jefa wasu cikin satar amsa, kuma a nan ne ake gane makarantar da ta amsa sunanta, domin takardar da aka samu ta hanyar sata ba ta yi wa mai ita karatu a ajin farko na jami'a.

Ranar rufe makaranta a tsakiyar Disamba, ana taruwa a kira waɗanda suka yi fice, a tafa musu, sa'an nan kowa ya karɓi takardar sakamakonsa. Na ɗaya mutum guda ne a kowane aji. Amma malamin kirki ya san akwai yaron da ya tashi daga na 40 ya dawo na 22, kuma ya san abin da wannan ya ci wa yaron na barci, sai ya rubuta masa kalmar ƙarfafa zuciya a ƙasan takarda. Wanda ya faɗi kuma ya naɗe tasa ya cusa can ƙasan akwati, yana tunanin abin da zai gaya wa baba.

Daga nan sai Titin Gaskiya ya cika da motoci da babura. Akwatunan ƙarfe sun koma bisa motoci, sun yi sauƙi domin gari ya ƙare. Yaron nan da ya iso a Satumba ya yi tsuru-tsuru yanzu shi ma da bakinsa, yana kiran abokai da sunayen tsokana, yana yi musu alkawarin ƙuli-ƙulin garinsu in an dawo a Janairu. Ya iya wanke rigarsa, ya iya tashi da asuba ba a tashe shi ba, ya san sunan gari goma da bai taɓa ji ba. Saura zango da yawa a gabansa kafin a san abin da zai zama. Allah Ya tsare shi a hanya, Ya tsare makarantarsa da sauran makarantun ƙasar nan, Ya ba hukuma da iyaye ikon riƙe su da kyau, amin.